Sabulun da Aka Yi wa Ajiyar Goro

A yanzu idan mutum yana son aski, sai ya leƙa shago ya zauna a kujera mai juyawa, a kunna kilifa ta yi ta ƙugi a kansa, kafin ya gama duba wayarsa an gama. Mai son kumfa kuwa gwangwani zai saya, ya danna ta fito fara tas, in ta ƙare ya jefar. Babu abin wankewa, babu abin adanawa. Da can ba haka ake yi ba a cikin birni. Wanzami ne zai zo har zauren gidanku da zabirarsa a rataye, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa a ɗan kwano, ya jiƙa maka kai da tafin hannu, ya wasa aska ya fara. Ruwa da aska, shi ke nan. A tsakanin waɗannan zamunna biyu ne wani abu ya faru a gidanmu na Koki, wanda ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi, kuma duk a kan sabulu ɗaya ne da bai fi tafin hannu ba.

Gidanmu gidan fataken goro ne tun kaka da kakanni. Mun tashi muna ganin huhu a jingine a soro, muna jin ƙamshin ganye mai laima. Ni kaɗai na fita zakka, na bi harkar yadi, ita ce ta yi ta yawo da ni ƙasashe, daga Hartum zuwa Alƙahira, daga Abijan zuwa Bombai, har na tsinci Larabci da Faransanci, da ɗan Turkancin da zai hana a cuce ni a kasuwa. A lokacin da nake ba ku labari ina da aure da 'ya'ya biyu, amma a gidan Baba har yanzu auta ake ce mini.

Muna da wanzamin gida, tsoho, sa'an Baba ne ko ya ɗan girme shi. Mahaifinsa ne ya riƙa yi wa kakanmu aski, shi kuma shi ya aske mu duka ranar suna, ni da yayyena. Duk safiyar Juma'a yana zaurenmu. Shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Baba ya ce masa mai yankan mutane da izini, shi kuma ya ce wa Baba mai jan haƙori. Da haka za a yi askin, a tashi ana dariya.

To, tsufa ba ya sallama. Fatar kan Baba ta yi laushi ta yi siriri, hannun Wanzam kuma ya fara rawa. Da na dawo daga wata tafiya da na yi Santambul, na tarar da gidan ba daɗi. Juma'a biyu a jere aska ta yanki Baba, ta biyun ma a bayan kunne, har jini ya ɓata masa hula yana shirin masallaci. Babban yayanmu, wanda shi ke riƙe da harkokin gida a lokacin, ya ce abin ya isa.

Na same su a zaure suna maganar. Yaya yana cewa, “Baba, ga shago nan an buɗe a bakin titi, yaron yana da inji, ba ya yankan kowa. Shi kuma Wanzam a ci gaba da kai masa abin da aka saba, ya zauna ya huta.”

Baba ya ce, “Ka taɓa ganin an ce wa mutum ya huta ya ji daɗi? Gidajen unguwar nan duk sun bar shi, saura mu da gida biyu, su ma mu suke kallo. Ranar da muka ce ya huta, ranar zai rataye zabira.”

“To jinin fa, Baba?”

Baba ya san Yaya ba ƙarya ya yi ba. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Juma'a mai zuwa ita ce gwaji. In aka sake ganin jini ko ɗigo ɗaya, an gama.

A nan ne na tuna da abin da ke cikin jakata. A Santambul na saba da wani mai aski, dattijo mai ƙaton gashin baki, a wani lungu kusa da kasuwar yadi. Na yi aski a wurare da yawa. A Bombai a bakin hanya ake yi maka, madubi a rataye a jikin bishiya. A Hartum suna yi suna ba ka shayi. Amma ban taɓa jin aska ta bi fuskata kamar ba ta taɓa ni ba sai a hannun wannan dattijo. Da na tambaye shi sirrin, sai ya nuna mini wani ɗan akushi na katako mai murfi, da sabulu fari mai tauri a ciki, da burushi mai laushi. Ya ce rabin aikin sabulun ne ke yi. Ranar da zan taho ya ba ni sabo guda ɗaya da burushinsa, amma bai sake mini shi ba sai da ya zaunar da ni kamar ɗalibi.

Ya ce in an gama aski, a ɗauraye saman sabulun da ruwa mai tsabta, kumfar da ta rage da guntun gashi su fita. A tsiyaye ruwan kaf. A karkata akushin a inuwa, a buɗe, inda iska ke wucewa, har sai ya bushe sarai, sannan a rufe. Burushin ma a ɗauraye shi, a kaɗe, a rataye shi kai ƙasa. Ya ɗaga yatsa ya ce abu ɗaya ne ke kashe wannan sabulu, wato a rufe shi da ruwa a jikinsa. Zai yi laushi, ya yi wari, ya narke. In aka kiyaye, zai kai shekara.

Ranar Asabar na aika aka kira Wanzam. Na ce ya gwada a gemuna. Ya dubi akushin ya dube ni, ya ce, “Auta, ni da na aske ka kana tsumma, yau kai za ka koya mini aski? Askata ba ta taɓa neman taimakon kumfa ba.”

Na ce, “Baba Wanzam, ba koyarwa ba ce. Tsaraba ce na kawo wa askar.”

Wannan ta ɗan sanyaya shi. Na jiƙa burushi na murza, kumfa ta taso mai kauri, zauren ya cika da ƙamshi. Na shafa a fuskata, ya ɗora aska. Ja ɗaya ya yi ya tsaya. Ya sake ja. Na ji hannunsa yana rawa, amma askar sai zamewa take yi ba ta kama fata. Haka ya ci gaba har ya gama. Da ya shafa kumatuna da bayan hannu, sai ya ce a hankali, “Ba laifi.” A bakin wanzami tsoho, wannan yabo ne babba.

Sai na ɗauki buta na fara ɗauraye sabulun. Ya ce, “Me kake yi kuma?”

“Wanke shi nake yi.”

“Wanke wa?”

“Sabulun.”

Ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki. Ya ƙwala wa Baba kira, “Alhaji, fito ka ga ɗanka! Mu dai mun san a wanke riga da sabulu, a wanke jiki da sabulu. Yau ga wanda ya je ƙasar Turkawa ya koyo wanke sabulu. To da me ake wanke shi, da riga?”

Baba ya fito yana dariya, ni ma na taya su. Na karkata akushin a alkukin da ke barandar Inna, inda iska ke ratsawa, na rataye burushi a ƙusa.

Washegari saƙo ya zo cewa kayana sun iso Ikko, dole in tafi. Ina sauri na leƙa wurin Inna na yi mata sallama, na nuna mata alkukin na ce, “Inna, ga ajiyata nan, a kula mini da ita sosai. Babu irinsa a duk Kano, kuma da shi za a yi wa Baba askin Juma'a.” Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Dattijon Santambul ya ɓata rabin awa yana yi mini bayani, ni kuwa na yi wa uwata nawa a numfashi ɗaya na wuce. Yanzu da na tsufa, in na tuna sai in ga wautar tawa a fili.

Ku tuna wace ce Inna. Tun tana amarya ita ke ajiye goron cin Baba, kuma a duk dangi an san hannunta. Goro ba ya bushewa a wurinta, ba ya yin tsutsa. A wurin mutanen gidanmu, abu mai daraja ba a barinsa a buɗe iska ta buge shi. Naɗe shi ake yi a tsumma mai laima, a rufe, a ajiye kusa da randa inda ke da sanyi, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Bushewa ita ce mutuwa. Haka ta gani a gidan ubanta, haka ta tarar a gidan mijinta.

Na dawo ranar Alhamis bayan la'asar. Ko ruwa ban sha ba na nufi alkuki. Burushi yana nan a ƙusarsa, akushi babu.

“Inna, ina ajiyata?”

Ta ce, “Kwantar da hankalinka, tana nan lafiya lau. Kai ma dai, auta, sai ka ce ba a gidan nan ka tashi ba. Ka ce abu yana da daraja, ka bar shi a wangale kamar ba shi da gata? Washegarin tafiyarka na duba na ga har ya fara tsagewa a sama. Na ce wannan in na bar shi, kafin ka dawo ya zama dutse.”

Ta sunkuya gindin randa ta janyo ƙwaryar goron Baba. Ta ɗaga faifai, ta zaro wani ƙunshi na jiƙaƙƙen tsumma, ta miƙo mini da hannu biyu tana murmushi. “Ban tsallake ko sau ɗaya ba. Safe da yamma.”

Na warware tsumman na ɗaga murfi. Abin da na gani ya fi kama da kindirmo. Ruwa-ruwa a sama, dunƙule-dunƙule a ƙasa, gefen akushin ya yi yauƙi. Na tsoma yatsa, ya nutse har gindi. Ba sabulun na gani a lokacin ba, zabirar Wanzam na gani a rataye.

Inna ta ga fuskata ta canza. Ta ce, “Mene ne? Ruwan bai isa ba?”

Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga baƙin ciki ga dariya. Na zauna a kan turmi na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun ranar Lahadi. Tana ji tana salati. Muna cikin haka Baba ya shigo daga zaure, ya ji ƙarshen zancen, ya tsaya ya dafa bango.

Ya ce, “Ashe! Kwana huɗu ke nan ina cin goro ina jin kamar na tauna turare. Har na ce zan aika a tambayi wanda ya kawo huhun nan daga wace gona ya fito.”

Inna ta ce, “Alhaji, kana jin haka ka yi shiru?”

“To na ga bakina yana ɗan kumfa, na ɗauka tsufa ne.”

Sai da muka yi dariya har hawaye, sannan hankali ya dawo. Gobe Juma'a. Na gwada murza burushi a cikin abin, kumfar ta fito tsululu kamar ruwan wanki, ba za ta tsaya a kai ba balle ta tare aska. Na ce wa Inna shi ke nan, an yi asara. Ta harare ni.

“Kawo nan. Abin da ruwa ya ɓata, ai ruwan za a cire. Gasara nawa na tace a duniyar nan?”

Ta ɗauko farin ƙyalle mai tsabta, ta juye abin a ciki, ta ƙulle, ta murɗa a hankali ruwan yana ɗiga. Ta ɗora dutsen niƙa a kai ta bar shi har magariba. Akushin kuma ta wanke shi ta goge, ta kife. Da ta kwance ƙullin, sai ga wani ɗan curi kamar na fura. Ta mayar da shi cikin akushi ta danne da bayan ludayi har ya yi sumul, ta kai alkuki ta karkata shi. Na ga hannunta ya nufi faifai da kansa, ta janye, ta ce, “A'uzu billahi. Barin abu a buɗe ma aiki ne.”

Da safe sabulun ya koma rabin yadda yake, kuma bai yi taurin da ba, amma yatsa ba ya nutsewa. Na gwada a tafin hannu, kumfa ta taso ta tsaya. Na yi hamdala.

Wanzam ya iso da hantsi. Ya san abin da ake ciki, ko da yake ba wanda ya faɗa masa baki da baki. Irin wannan magana ba ta ɓuya a unguwa. Ranar ya sa wankakkiyar riga, kuma bai tsokani Baba ba da ya shigo. Yaya ya zauna a gefe a kan buzu ya harɗe hannu. Maƙwabta biyu da suka ji labarin sabulun Turkawa su ma suka shigo suka tsuguna.

Wanzam ya karɓi akushin ya leƙa. “Auta, ya na ga ya rame?”

Baba ya ce, “Jinya ya yi. Hajiya ta yi masa ajiyar goro.”

Zauren ya ɗauki dariya, har shi Wanzam ɗin, kuma na lura dariyar ta sassauta masa kafaɗu. Ya kama burushi kamar mai riƙe da muciya, ya murza, ya lafta wa Baba kumfa tun daga goshi har ƙeya, har da kunne ɗaya. Wani maƙwabci ya ce Alhaji ya yi rawani ba naɗi. Sannan ya yi bisimilla ya ɗora aska.

Ba abin da kake ji sai kar-kar ɗin aska a hankali. Ina kallon hannunsa, rawar tana nan ba ta tafi ba, amma duk inda ya bi sai fata ta fito fes. Ya gama tsakar kai, ya gama gefen dama. Da ya zo bayan kunnen hagu, inda tabon wancan makon yake, sai ya tsaya. Askar tana sama tana karkarwa. Na ga Yaya ya ɗan matso.

Baba bai juyo ba, ya ce, “Malam, ka tsaya kallon aikinka na da ne? Sa hannu, kunnen nan naka ne, kai ka san shi tun yana sabo.”

Wanzam ya ce, “Rufe baki, mai jan haƙori, kada in haɗa da shi.”

Ya ƙara kumfa a wurin, ya ja fatar da babban yatsa, ya bi ta gefen tabon sau biyu. Ya goge da ƙyalle. Ya ɗaga ƙyallen sama, ba ga kowa ba, amma kowa ya gani: fari ne tas.

Yaya ya tashi ya zagaya bayan Baba. Ya duba ƙeya, ya duba bayan kunnuwa biyu, ya shafa kan da tafin hannu. Sai kawai ya cire hularsa ya ajiye a kan buzu, ya zauna a tabarma gaban tsohon ya sunkuyar da kai.

“Baba Wanzam, in akwai sauran kumfa, saura ni.”

Tsohon ya dube shi, idanunsa sun ciko, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce, “Kai ba na ji an ce inji kake so ba? Zauna da kyau. Ranar sunanka ma haka ka yi ta mutsu-mutsu.”

Bayan Yaya, maƙwabtan nan biyu ma suka bi layi. Da aka gama, na miƙa hannu zan ɗauki akushin, Wanzam ya buge mini hannu. Shi da kansa ya ɗauki buta ya ɗauraye sabulun, ya tsince guntun gashi, ya tsiyaye ruwan, ya kaɗe burushi. Ya taka har ƙofar cikin gida ya yi sallama, ya ɗaga murya.

“Hajiya, ga mara lafiyarki na dawo da shi. Don girman Allah a bar shi da ƙishirwarsa!”

Muka ji muryar Inna daga ciki tana cewa, “Wanda ya kawo shi ne bai iya ba da saƙo ba. Ni da an ce mini ɗan ƙasar da ba a shan ruwa ne, da ban wahalar da kaina ba.”

Gaskiya ta faɗa. Inna ba ta yi sakaci ba ko kaɗan, iyakar kulawar da ta sani ta yi, kuma kulawar ce ta kusa hallaka abin. Na zaga ƙasashe ina kwatanta yadda mutane ke yin abubuwa, amma a tsakar gidanmu na gane cewa abin da ke raya wani shi ke kashe wani, kuma ƙauna kaɗai ba ta isa ajiya ba sai an san halin abin da aka ajiye. Laifin kuwa na mai ba da ajiya ne da ya ce “a kula” ya tafi, bai faɗi yadda za a kula ba.

Wanzam bai rataye zabira ba. Shi ya ci gaba da yi wa Baba aski duk Juma'a har Allah ya karɓi ran Baba, kuma ba a sake maganar shago a gidanmu ba. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara bai wa kowa ajiya ba, ta kaya ko ta mutum, sai na zauna na faɗa masa abin da take so da abin da ba ta so.